Wanda Bai Ji Bari Ba, Ya Ji Hohoe

Ya ku mutanen Kawukudi, da na Nima, da na Maamobi, har da ku 'yan Kanda da kuke tafiya kuna ɗaga kafaɗa tun da aka buɗe babban masallacin ƙasa a unguwarku a 2021. Na dawo lafiya. Da ƙafafuna biyu na dawo, ko da yake ta hagun har yau ba ta gama yafe mini ba. Abu guda ne na rasa tun dawowata: mutum ɗaya tak da zai yarda na je inda na ce na je.

Na ce muku na hau Afajato, dutsen nan na yankin Volta da aka sa mu haddace sunansa a firamare da bulala. Mai shayin bakin layinmu ya dakata da sheƙa shayi, ya dubi tumbina, ya dubi fuskata, ya sake komawa kan tumbin, sannan ya ce, "Malam, kai da ko gadar masu ƙafa ta Madina sai ka huta sau biyu?" Na zaro waya na nuna hoto. Wani yaro da ko gemu bai gama fito masa ba ya ce, "Baba, wannan ai ba shaida ba ce." Ya nuna mini nasa hoton yana tsaye a tsakiyar birnin Faris da rigar sanyi, alhali duk layin nan an san bai taɓa wuce Kasoa ba. To, tunda hoto ya zama abin da ya zama, bari in ba ku labarin da baki. Wanda zai yarda ya yarda, wanda ba zai yarda ba ya ƙara sukari a shayinsa ya saurara.

Tun ranar da na furta niyyar tafiyar nake jin kalma ɗaya. Kawuna ya ce bari. Innata ta ce bari. Uwargida ta ce bari, ta ƙara da cewa in kuɗi ne suka yi mini yawa ga kuɗin makarantar yara nan. A majalisarmu ta ataya, wadda yaran yanzu ke kira bes, an kwashe dare guda ana lissafa mini abin da zai cinye ni: maciji, damisa, aljanun kurmi, da miyar da ba a san naman cikinta ba. Hausawa sun ce wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Ni kuwa ban ji bari ba, sai na ji kwandasta a tashar Madina yana ƙwala kira, "Hohoe! Hohoe!" Na ce to, karin magana ta cika, na shiga mota.

Ku da kuke ce mini babu wani tudu a Ghana sai Tudu, wanda shi ma kasuwa ce da tashar mota, ku buɗe kunne. Bayan asuba torotoro, wato motar haya, ta cika muka tashi. Ba mu yi wata tafiyar kirki ba sai ga duwatsun Shai, da gwaggon biri zaune a bakin titi yana kallon motoci kamar mai jiran a biya shi bashi. Muka wuce Kpong, inda ake tace ruwan kogin Volta a turo shi gabashin Akra. Eh, ruwan nan da kuke tashi ƙarfe biyun dare ku tara in famfo ya ga dama, da yawansa daga can yake fitowa. A Atimpoku mata suka yi wa motar zobe da faranti a ka: abolo mai ɗumi, da jatan lande, da wasu 'yan mitsi-mitsin kifaye soyayyu da ake wa laƙabi da mutum ɗaya dubu, don mutum guda zai iya cinye dubunsu bai san ya ci ba. Na gwada. Laƙabin gaskiya ne.

Daga nan muka hau gadar Adomi, wadda aka buɗe a 1957, shekarar da Ghana ta sami 'yanci. Baka ce ta ƙarfe da ta tsallake kogin daga gaɓa zuwa gaɓa. Can sama kaɗan da ita madatsar Akosombo take, wadda aka kammala a 1965. Na ɗaga mata hannu a madadinku duka, na ce mutanen Nima suna gaisuwa, kuma suna tambayar labarin dumso, wato yawan ɗauke wuta. Ba ta amsa ba.

Juapong, Asikuma, Peki, Have. Tun daga Peki duwatsu suka fara raka mu, kore shar, hazo na kwance a kafaɗarsu. Titin wani wuri sumul, wani wuri ramuka har sai da wata tsohuwa a bayana ta kira sunan Yesu, ni na kira na Allah, direba kuwa bai kira kowa ba, ya ƙara wuta. Da azahar ta yi na sallaci raka'a biyu. A nan ne na tuna da ku. Malamanmu na Malikiyya sun ce tafiyar mil 48 ke halatta kasaru. Ku faɗa mini tsakaninku da Allah, mutum nawa ne a majalisarmu suka taɓa yin kasaru a cikin ƙasar nan? Akwai wanda ya haddace babin tun yana makarantar allo, furfura ta fito masa, bai taɓa samun dalilin aiki da shi ba.

A Golokwati na sauka, ɗan okada ya ɗauke ni zuwa Liati Wote, ƙauyen da ke gindin dutsen. Gonaki dama da hagu, rogo da ayaba da kwakwar manja, hanya tana ƙara sirancewa, dutse yana ƙara girma, har muka kai inda in ka ɗaga kai hularka za ta faɗi. Kowa na gamu da shi sai ya ce, "Woezo," wato barka da zuwa, ɗan okadan ya koya mini in riƙa cewa, "Yoo." Kafin magariba na yi "Yoo" ya fi hamsin.

Yanzu ga abin da zai ɓata muku rai. Na zaga ƙauyen nan ina neman ledar ruwa ɗaya a ƙasa don in sami abin faɗa, da ƙyar na ga abin da zan nuna. Tsakar gida a share, bakin hanya a share, furanni a ƙofar gida. Mu da muke kiran mutane 'yan ƙauye, mu da babbar kwatarmu ta yi suna har aka raɗa mata Alhamdu, mu ne ya kamata a ɗebo a mota a kawo mu nan ɗaukar darasi. Kada ku harare ni. Ni ma a bakin kwatar nan na girma, ƙwallona nawa ta cinye.

Dare ya yi, barci ya ƙi zuwa. Laifin shiru ne. Babu janareta, babu lasifikar biki, babu mai babur da ya cire salansa don budurwa ta san ya iso, babu maƙwabcin da ke kallon ƙwallon Ingila yana zagin alƙalin wasa. Gyare da kwaɗi ne kawai, sai iska mai sanyi da ke gangarowa daga dutse, har na jawo bargo, ni da rabona da bargo tun hunturun da ba na tunawa. Da asuba babu ladan ko ɗaya. A Kawukudi masallatai biyar ke tashe ni lokaci guda, kowanne da agogonsa. A can zakara ne ya yi aikin shi kaɗai, kuma bai makara ba.

Innata, ke ce kika fi kowa tsorata ni, don haka ga amsarki. Kin ce mutanen can suna iya mai da baƙo akuya, kika cusa mini ƙullin addu'a a aljihu. Allah ya saka da alheri, addu'a ba ta yawa. Amma abin da na tarar coci ne da makaranta. Tun 1847 'yan mishan na Bremen daga Jamus suka sauka a Peki, cocin da ya tsiro daga aikinsu yana ko'ina a yankin har yau. Kuma Inna, ki riƙe wannan da kyau: da na faɗa wa matar da ke dafa mana abinci cewa daga Nima nake, sai ta zaro ido ta ce, "Nima? Ba a can ake ƙwace wa mutum waya yana cikin magana ba?" Na ce, "Daavi, mu kuma an ce mana ku kuke mai da mutum akuya." Ta yi dariya har ta dafa bango. Ashe yadda muke jin tsoronsu haka suke jin namu, kuma daga mu har su babu wanda ya je ya gani. Ji ne kawai ke yawo tsakaninmu, gani bai taɓa samun kuɗin mota ba.

Masu tambayar me na ci, kun ɗauka kwana uku na yi ina taunar biskit? Kafin in buɗe baki Daavi ta ce, "Alhaji, na sani, ba alade, ba naman daji, ba giya." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma kun san a kudancin ƙasar nan hula da doguwar riga sun isa a ba ka kujerar Hajji kyauta. Ta kawo akple da miyar kuɓewa da kifi. Akple ɗan uwan tuwo ne na jini, masara ce da ɗan rogo, sai dai shi bai yi makarantar allo ba. Na ci, na ƙara, na sha abarba da aka yanko daga gona ina kallo. Wanda ya ce yunwa za ta kashe Musulmi a Volta, shi dai a bar shi da waken Hajiyar layinsu.

To, ga hawan. Littattafan makaranta sun ce Afajato ya kai mita 885 daga saman teku. Masu awon zamani suna gardama a kan lissafin, har suna cewa wasu ƙololuwan da ke kusa da shi sun fi shi. Su je su yi ta yi. Gwiwata ba ta cikin masu gardama. Jagorana saurayi ne siriri, da silifas a ƙafarsa, ni kuwa na ɗaure kambas sabo fil da na saya a kasuwar Nima ranar Laraba. Ya ce mini, "Alhaji, yara suna hawa cikin minti arba'in da biyar." Na ce, "Efo, ni ba yaro ba ne." Ya ce ya lura.

Minti goma na farko ina ba shi labarin siyasa. Minti goma na biyu na koma amsa masa da ka. Daga nan sai numfashi. Hanyar ba ta san kwana-kwana ba, miƙewa take sama kamar tsani, kana kama saiwa, kana dafa dutse, gumi na shiga ido. Na tsaya a gindin wata doguwar bishiya ina haki, sai yaron ya nuno inda nake ya ce, "Wawa." Na ce, "Me ka ce?" Ya sake cewa, "Wawa." Na fara tattaro ɗan sauran ƙarfina don in nuna masa tarbiyyar Zango, sai ya buga jikin bishiyar ya ce sunanta ke nan, da ita ake yin katakon da kafintoci ke saya. Na san katakon wawa sarai, da shi aka yi bencin majalisarmu. Amma a halin da nake ciki a lokacin, ko ni yake nufi ba zan kai ƙara ba.

Sau biyu na yi niyyar komawa. Abin da ya hana ni shi ne fuskar mai shayi. Na hango shi yana sheƙa shayi yana cewa, "Ai na faɗa." Sai na tashi. Awa biyu cur na yi kafin in kai. Da na kai ban yi kabbara da ƙarfi ba, don babu iskar yi, a zuci na yi.

Daga can sama, jama'a, ƙasa shimfiɗe take kamar darduma kore. Ƙauyuka kamar an watsa tsaba, rufin kwano na ƙyalli, hayaƙin girki na tashi siriri. Yaron ya nuna gabas ya ce, "Togo ke nan." Kafin ya rufe baki wayata ta yi ƙara, kamfanin waya na yi mini barka da shigowa Togo. Ga ni a ƙasar waje ba fasfo, ba biza, ba layin ofishin jakadanci. Dalili kuwa tsohon labari ne. Duk yankin nan yana cikin Togo ta Jamus daga 1884 har zuwa yaƙin 1914, sannan Ingila da Faransa suka raba shi tsakaninsu. A 1956 aka yi ƙuri'ar raba gardama, ɓangaren Ingila ya zaɓi haɗewa da Gold Coast. Shi ya sa za ka ga dangi ɗaya, harshe ɗaya, wa yana kashe sidi, ƙane yana kashe sefa. Mu da kakanninmu suka bar 'yan uwa a Kano da Sakkwato da Maraɗi da Zugu, ba sai an yi mana dogon bayanin wannan ba.

Sauka ta fi hawa wulaƙanci, amma wannan sirri ne tsakanina da wandona.

Yanzu na zo kan Alhajin da ya tambaye ni, "To, me ka samo? Nawa ka ci riba?" Alhaji, gyara zama, naka ya fi na kowa tsawo.

Da yamma yaron ya bi da ni hanyar Tagbo, wani ruwa da ke zubowa daga dutse a cikin kurmi. Hanyar ta ratsa gonakin koko. Ba kokon da kuke sha da ƙosai ba, a'a, kokon da Tetteh Quarshie ya kawo irinsa daga tsibirin Fernando Po a 1879, wanda ƙasar nan ke tinƙaho da shi a kasuwar duniya. Inuwa ta rufe mu, rana ba ta kai ƙasa, malam-buɗe-littafi kala-kala na tashi a gabanmu. Sai yaron ya tsaya ya ɗauko wani ƙwanso kore mai ƙuraje daga ƙasa, ya fasa da adda, ya ɓare farar fatar da ke ciki, ya miƙo mini. Goro. Ja wur, ɗanye, sabo.

Na tsaya ina kallon bishiyar kamar na ga kakana. Shekara nawa ina cin goro? Da shi aka raɗa mini suna, da shi aka ɗaura mini aure, da shi nake zuwa gaida malamina. Na san marsa, na san minu, na san daushe, na san ƙwarya ɗari ce. Amma sai ranar nan na fara ganin uwar da ke haifarsa. Kuma ina da tabbacin a cikin masu karanta wannan, waɗanda haƙoransu suka rine da goro, da yawa za su wuce ta gindinta su ɗauka mangwaro ne.

Alhaji, wannan bishiyar ce ta kawo mu ƙasar nan. Goro ba ya yi a Kano, ba ya yi a Katsina. Ɗan kurmi ne, sai inda ruwa ke sauka da yawa, inuwa ta yi duhu. Dominsa fataken Hausa suka riƙa ɗaura wa jakuna kaya, da kanwa da tufafi da fatu, madugu a gaba, su yi watanni a hanya, su ƙetare Kwara, su ratsa Borgu, har Salaga ta ƙasar Gwanja, inda goron kurmin Asante ke jiransu. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari da wannan fataucin suka yi suna. Duk inda ayari ya yada kaya ya kwana, sunan wurin zango. Da yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, 'yan kasuwa suka bazu, wasu suka koma Kete Krachi, garin da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, ya zauna yana karantarwa har rasuwarsa a 1934. Alhassan Ɗantata kansa, kafin ya zama attajirin gyaɗa a Kano, goro ya yi fatauci, ya zauna a Akra ɗin nan, yana tura kaya Legas ta jirgin ruwa.

Kun ga abin dariyar? Sunan da muke alfahari da shi, Zango, ma'anarsa wurin da matafiyi ke hutawa kafin ya ci gaba. Kakanni suka yada zango, jikoki suka mai da shi katifa. Su sun taka daga Kano zuwa Gwanja da ƙafa, ga 'yan fashi, ga koguna, ga cutar da ke kashe jakuna. Mu an ce mu zauna a kujerar mota awa biyar, mun ce akwai nisa. Da madugun ayari zai leƙo majalisarmu ya ji ana cewa kurmi abin tsoro ne, da sandar korar jaki zai bi mu.

Kafin samarin bes su ce su ai matafiya ne, na san da ku. Na san majalisun da kuka raɗa wa sunayen unguwannin Amurka. Na san kowa burinsa ya zama boga, ya dawo daga Jamus da sarƙa a wuya. Akwai wanda zai lissafa maka tashoshin jirgin ƙasa na Hambog bai taɓa ganin filin jirgin sama daga ciki ba. Akwai kuma, wannan ba abin dariya ba ne, waɗanda suka bi ta Agadas suka shiga sahara, wasu har yau iyayensu na jiran kira. Yaron da bai ji tsoron hamada da teku ba, shi ne ke gaya mini yana tsoron macijin Volta. Ɗana, fara da dutsen da za ka hau ka dawo ka ci tuwon uwarka.

Washegari na wuce Wli, kusa da iyakar Togo, inda kogin Agumatsa ke faɗowa daga kan dutse kimanin mita 80. Tafiyar ba hawa, cikin inuwa, kana tsallaka rafin a kan 'yan gadoji. Tara na ƙirga. Tun ba ka ga ruwan ba kake jin rurinsa, in ka matso feshinsa ya jiƙa ka sharkaf kafin ka taɓa shi. Na ɗaga kai, sai ga jemagu dubbai maƙale a jikin dutsen. Na ce, "A'a, ku ma nan kuke?" Irinsu ɗaya da na bishiyoyin asibitin sojoji na 37, waɗanda ke rufe mana sama kullum da magariba. Kun ga, ko jemagen unguwarmu yana da dangi a kurmi.

Wani zai ce, "Ba a Hohoe aka yi rikici da 'yan Zango ba?" An yi, a watan Yunin 2012. An yi asarar rayuka da dukiya, aka sa dokar hana fita, daga baya manya suka zauna aka sasanta. Ba a ɓoye wannan. Amma a Zangon Hohoe ɗin na yi sallar Juma'a, masallaci cike, na fito na ji Hausa ta ko'ina, ga mai tsire, ga mai wake, ga tsoho a kan buzu da goronsa a gaba. Wani dattijo ya tambaye ni daga ina, na ce Kawukudi. Ya ce, "'Yan birni! Me ya fito da kai?" Na ce, "Baba, dutse na zo hawa." Ya dube ni, ya dubi tumbina. Ashe cutar ba ta layinmu kaɗai ba ce.

Kada ku ce na dawo ina yi wa ƙauye kirari kamar Aljanna ce. Na ga tsofaffi da kaya a ka suna hawan gangaren da ni na hau da hannu wofi ina nishi. Na ga gidaje a kulle, masu su sun taho Akra neman aiki, wataƙila wasunsu suna haya a layinku. Mai ciwon dare a can, kafin a kai shi babban asibiti an sha wuya. Kurmin ma ba kamar da ba, wutar daji da injin yankan katako suna cinsa ta gefe. A wasu sassan ƙasar kuwa galamse, wato haƙar zinariya ta haramtacciyar hanya, ya mai da koguna kamar kunun kanwa. In kuna ganin wannan ba ruwanku, ku tuna kogin Densu daga kurmin Atewa yake tasowa, shi ke cika madatsar Weija, ita kuma ta shayar da yammacin Akra. Ranar da kurmi ya ƙare, jarkar ɗan birni ce za ta fara ba da labari.

Ga ribata, Alhaji, tunda ka nace sai ka ji: ƙwanson goro guda, yana nan kan teburina, duk mai so ya zo ya gani kafin ya bushe. Sai ciwon gwiwa na mako guda, da 'yan kalmomin Ewe, harshen mutanen can, da kunyar da na ji a gindin bishiyar nan.

Na san har yanzu mai shayi bai yarda ba. Yaron hoton Faris ma bai yarda ba. Ba komai, hangen Dala ba shiga birni ba, na zaune kuma bai ga gari ba. Bayan Babbar Sallah zan koma, wannan karon da mota guda. Za mu haɗu a filin ƙwallon Kawukudi bayan asuba. Kowa ya zo da takalmin da ba ya santsi, da gorar ruwa, da dardumarsa, a ƙarshe dai za ku yi aiki da babin kasaru. Mai shayi, kujerar gaba taka ce, kuma kai za ka shige gaba a hawan, ni ina biye da kai da waya ina ɗauka. Wanda yake so a rubuta sunansa, ba sai na faɗa masa sharaɗi ba, sunan unguwarmu ya riga ya faɗa: kawo kuɗi.